Cikin da Ba Wanda Ya Ambata

Shekara bakwai da aure, Zuliha ta fi sanin kalandar da ke bayan ƙofar ɗakinta a kan fuskar mijinta. Likitar mata da take gani a wani kilinik cikin Maraɗi ce ta koya mata ƙirga kwanaki: ranar kaza a fara shan ƙwayoyi, ranar kaza a je ekogarafi, wato hoton ciki, a duba ko ƙwai ya nuna, ranar kaza a yi allura, daga nan kuma sai zaman jiran mako biyu. Sau uku ana yin haka jini yana zuwa. Wannan shi ne karo na huɗu, kuma likita ta ƙara ƙarfin maganin.

Ta dai gargaɗe ta tun farko cewa maganin maƙaryaci ne. Zai kumbura mata ciki, ya sa ta jiri da tashin zuciya, ya cika mata ƙirji, duk irin na mai juna biyu, don haka kada ta gaskata jikinta sai an yi analiz, wato gwajin jini. Abin da likita ba ta faɗa ba shi ne yadda mutum zai yi da zuciyarsa. Zuliha da a da take cika layinsu na Sabon Gari da dariya, tana sayar da kwaɗon zogalen da yayanta ke aiko mata daga lambunsa na Jiratawa, yanzu sai ta wuni a gefen gado ba ta ko share ɗaki ba. Ta daina kwaɗon. Ta daina zuwa suna, ta daina zuwa barka. In waya ta yi ƙara sai ta zuba mata ido har ta katse. Wani lokaci tana cikin wanke kwano ɗaya hawaye zai zubo, ita kanta ba ta san na mene ne ba. Tsoro take ji, tsoro marar suna, daga safe har yamma.

Mijinta Maman Lawali, mai gyaran babur a bakin kasuwa, mutumin kirki ne, amma magani biyu kawai ya sani a duniya: ya ce a yi haƙuri, ko ya shigo da tsire a takarda. Shi ne ya ce kada kowa ya ji suna zuwa asibiti, musamman mahaifiyarsa, Inna Saudatu, da ke Tsibiri. Ya san halinta. Tana ji za ta cika musu gida da saiwoyi da jiƙe-jiƙe, likita kuwa ta hana a haɗa maganinta da komai. Zuliha ta yarda, don ita ma ba ta son a riƙa tambayarta an dace ko ba a dace ba.

Kwana biyar bayan allurar suka je Tsibiri gaida tsohuwa, ranar Juma'a. Suka tarar tana haɗa miya. Warin daddawa na bugun hancin Zuliha ta yi bayan ɗaki da gudu, ta amayar da duk abin da ta ci. Da ta dawo tana gyara zanin da ya daina zagaye ƙugunta yadda ya saba, ta ga Inna ta tsaya da ludayi a hannu tana kallonta, daga fuska zuwa ƙirji zuwa ciki. Can da Zuliha ta ɗauki taɓarya za ta taya ta daka, sai tsohuwar ta zare taɓaryar daga hannunta a hankali, ta nuna mata tabarma a inuwa.

To, ku da kuka san mutanenmu kun san ba a faɗin ciki. Ba a tambaya, ba a sanarwa, balle tsakanin suruka da matar ɗanta. Ido ke gani, baki ya yi shiru, har ranar da za a ji kukan jariri. Saboda haka Inna ba ta ce komai ba, ta dai fara aiki. Da za su tafi ta ja kunnen Maman Lawali a kan ya daina gudu da babur, ya kauce wa ramuka. Bayan kwana biyu ga ƙullin tsamiya da garin kunu an aiko. Mahaifiyar Zuliha ta daɗe da rasuwa, don haka Inna ta ɗauka wankan jego a wuyanta yake, ta fara tara itace a bayan rumbu, guda-guda, tun da saura watanni. Ba ta tsaya nan ba, ta aika Jiratawa wurin magina a gina mata babbar tukunyar dafa ruwan wanka.

Jiratawa kuwa garin su Zuliha ne, kuma babu wanda bai san abin da ake yi da irin wannan tukunya ba. Kafin yumɓun ya bushe labari ya gama dangi. Yayarta Rahma ta kira, Zuliha ta daure ta ɗauka. Rahma ba ta ce komai ba ita ma, sai dariya ƙasa-ƙasa, da yaya jiki, yaya ƙarfin jiki, a riƙa hutawa dai. Zuliha ta ajiye wayar. Ta yaya za ka ƙaryata maganar da ba wanda ya yi?

Ta roƙi mijinta ya je ya warware wa mahaifiyarsa. Ya sosa ƙeya, ya ce shi da wane baki zai zauna gaban Inna ya yi zancen ciki? Kuma ma, in ji shi, wa ya sani, tsofaffi suna ganin abin da na'ura ba ta gani, saura 'yan kwanaki a yi analiz, a bari mana a gani. Ya faɗi haka yana murmushi, murmushin da ta daɗe ba ta gani a fuskarsa ba, sai ta gane shi ma ya hau.

Abin takaicin shi ne ita ma ta hau. Ta san abin da likita ta ce, ta san shi sarai, amma sai ta kama kanta tana sauka daga gado a hankali, tana kai hannu mara in za ta zauna. Ta dama kunun tsamiyar ta sha, ya yi mata daɗi. Da safe ta gaskata, da rana ta ƙaryata, ta zagi kanta, ta koma ta gaskata. Tana shiga bayi sau goma a wuni don ta duba. Barci ya gagare ta, abinci ya gagare ta. A da ita kaɗai za ta sha kunya in abin bai yiwu ba, yanzu garuruwa biyu ne ke jira tare da ita.

Ranar kwana na goma sha uku, da hantsi, bayan Maman Lawali ya fita, jini ya zo. Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tsaye a bayi tana kallon bango, sannan ta shirya ta hau kabu-kabu zuwa kilinik. Likita ta ce babu amfanin analiz, ba a samu ba, a huta wata biyu jiki ya dawo. Ta dube ta da kyau ta tambaya ko tana barci, ko tana cin abinci, ko akwai wanda take buɗe wa cikinta a gida. Ta ce wannan damuwar ita ma ciwo ce, kuma ana maganinta. Zuliha ta ce lafiyarta lau.

Daga nan ba ta koma gida ba, ta shiga motar Tsibiri. Ta ƙudurta yau za ta faɗi komai, kunya ko ba kunya: ƙwayoyin, alluran, karo huɗun, da cewa ba a taɓa samun komai ba. Duk hanya tana jera maganar a ranta, tana gyarawa.

Inna na ganinta ta hau faɗa a kan ta fito cikin wannan rana, ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo matashi ta sa mata a baya, ta zauna tana yi mata fifita. Fuskar tsohuwar cike da murna, irin wadda ake ɓoyewa ta ƙi ɓoyuwa. Zuliha ta buɗe baki sau uku, sau uku tana tambayar lafiyar awaki da ta maƙwabta. Suna nan aka kira azahar. Inna ta yi alwala, ta sake cika butar, ta kawo har gabanta don kada ta tashi.

Zuliha ta dubi butar. Har ta kai hannu, don ta yi tunanin ta yi alwalar, ta tsaya ta yi sallar a haka, ta ƙara samun wasu kwanaki ba a gane ba. Sai tsoron Allah ya kama ta, ta janye hannun.

"Inna," ta ce, kanta a ƙasa, "ba ni salla."

Tsohuwar ta tsaya da ɗankwali a hannu. "Tun yaushe?"

"Tun da sahe. Daga asibiti nike."

Nan ne ya kamata ta ci gaba, ga maganar a jere tun daga mota. Amma Inna ta riga ta durƙushe a gabanta tana salati, ta jawo kanta ta ɗora a ƙirjinta, ita da ba ta taɓa ko riƙe hannunta ba a shekara bakwai. Zuliha ta gane abin da tsohuwar ta ɗauka: wai ɓari ta yi.

"Sannu ɗiyata, sannu. Ke kaɗai kinka tahi? Allah shi sa mai ceto ne ranar gobe." Tana shafa bayanta tana hawaye. "Kar ki sa ma ranki komi. Tunda kinka ɗauka so guda, kina koma ɗauka. Ni yanzu hankalina ya kwanta, na san ba juya ba ce ke."

Kukan da Zuliha ta riƙe tun hantsi, da na watannin da ba wanda ya yi mata sannu, ya ɓalle gaba ɗaya. Ta ƙanƙame tsohuwar. Ta san ta'aziyyar ba tata ba ce, ta ɗan da ba a taɓa yi ba ce, ta kuma san in ta karɓa yau ba ta da bakin mayarwa har abada. Inna ta sake cewa Allah shi sa mai ceto ne, tana jiran amsa.

"Amin, Inna," in ji Zuliha.