Fijo da Kayan Inna

Abdulhadi ya sayi Fijon ne don arha, kuma don tana tuna masa da tashar Gusau. Tsohuwar 504 ce, fara a da, yanzu launin koko. Ta daɗe tana kai shi karatu daga unguwar Ainu Shams ta Alƙahira tana dawo da shi, bai taɓa buɗe gabanta ba sai in zai zuba ruwa. Sai matarsa Kulu ta haihu a farkon Disambar 2013, sanyi ya shigo Alƙahira da ƙarfinsa, surukarsa Inna kuma ta ce tana tafe.

Tun cikin yana ƙarami Inna ta so a turo mata 'yarta goyon gida, tunda haihuwar fari ce. Abdulhadi ya yi ta ba da haƙuri ta bakin kawunsa har ta yarda, amma da sharaɗi. Za ta zo da kanta ta yi wankan jego. In ta ga ba zai iya kare mai jego da jariri daga sanyin Masar ba, za ta tattara su su koma Gusau tare, sai yaye. Ba shi ta gaya wa ba, don suruka ba ta doguwar magana da mijin 'yarta. Kulu ta gaya wa a waya, da muryar da aka ji har kicin.

Gidan dai ya gyara. Ya toshe tagogi da soso, ya sayi barguna, ya sa hita a ɗaki. Saura motar, wadda ita ce Inna za ta fara gani, kuma labarai na ta cewa ruwa mai yawa na zuwa a makon.

Ya kira Nata'ala, abokinsa ɗan Ƙaura wanda ya yi karatun injiniya a Ukraine kafin ya zo Masar, kuma ba ya iya shan shayi bai ambaci ƙanƙara ba. Nata'ala ya zagaya motar hannu a aljihu, ya shuri tayar baya, ya ce ta fi kan liman santsi. Ya bayyana masa cewa irin wannan mota tayoyin baya ne ke tura ta, nauyin inji kuwa yana gaba, saboda haka in titi ya jiƙe gindinta ne zai riƙa yawo. Titin Alƙahira kuma ya sha mai da ƙura shekara guda, ruwan farko sabulu yake mayar da shi.

Suka kai ta garejin Abakar, Bahaushen Sudan da ke bayan tashar jirgin ƙasa na metro. Aka sa sababbin tayoyi a baya, aka sauya batir, aka duba burki, aka wanke lagireto. Robar goge gilashi ta bushe ta manne, da aka ɗaga ta sai ta rugurguje. Da Abakar ya kunna hitar motar, wadda ba wanda ya taɓa tun zamanin mai ita na farko, ta feso ƙura da ɓawon gyaɗa da wani tikitin bas a fuskar Nata'ala. Abakar ya yi dariya har ya zauna a kan taya.

Sai Nata'ala ya kawo babbar shawararsa. Ya ce a Ukraine ba mai fita da irin wannan mota but ɗinta wayam. Buhunan yashi ake jerawa daidai kan tayoyin baya, su danne ta ta kama ƙasa. Abdulhadi ya roƙi masu gini a layinsu, suka cika masa buhunan siminti da yashi suna kallonsa. Ya jera su har but ɗin ya rufu da ƙyar. Nata'ala ya koya masa tashi da giya ta biyu, da taka totur a hankali kamar mai tsoron tayar da jariri.

Abu ɗaya ne su biyun ba su tuna ba: daga gida Inna za ta zo.

Ranar da jirgin zai sauka ruwa ya fara tun hantsi, da iska mai shiga ƙashi. Kulu ta ba shi bargo ya tafi da shi, Nata'ala ya raka shi. Inna ta fito daga ƙofar masu sauka a naɗe cikin mayafi biyu, da safa cikin silifas. Abdulhadi ya durƙusa a jiƙaƙƙen daɓe ya gaishe ta, idonsa a ƙasa. Ta amsa tana kallon wani wuri, ta tambayi mai jego da baƙo. Da ya ɗago sai ya ga ɗalibai uku a bayanta, kowanne yana tura amalanke shaƙe da kaya.

Ɗaliban a jirgi ɗaya suka zo da ita, kuma tun a Kano ta raba musu kayanta kowa ya shigar da sunansa. Akwai gero, akwai kanwa ta kunu, da yajin jego, daddawa, kuka, kuɓewa busasshiya, man shanu a galan, da wata tukunya da za a iya yi wa yaro wanka a ciki. Ɗaliban suka sauke a gefen Fijo, suka yi sallama da sauri, suka ɓace.

Abdulhadi ya buɗe but ɗin. Inna ta leƙa.

"Malam, shinkafa ce?"

"A'a Inna, yashi ne."

Ta dube shi, karo na farko a ranar. Nata'ala ne ya shiga bayani, ya faro daga Ukraine, har ya kai ga tayoyin baya. Inna ta saurara, ta ce ita dai kayanta ba za su hau motar haya ba, don ba ta san kowa a ƙasar ba, kuma ba za ta bar ko ƙullin kuka a nan ba. Daga nan ta shiga baya ta zauna, ta ja ƙofa.

Suka fara sauke buhunan cikin ruwa. Ba su kai rabi ba mai gadin filin ajiye motoci ya taho da gudu cikin rigar leda, yana tambayar me ke ciki. A shekarun nan ba a wasa da buhun da aka ajiye a filin jirgi. Abdulhadi ya ce yashi ne, mutumin ya ce a buɗe. Aka kwance bakin ɗaya, mai gadin ya zura hannu har gwiwa, ya ɗebo, ya shinshina.

"Ya sheikh," in ji shi da Larabci, "ƙasar nan duka yashi ce. Naka na musamman ne?"

Abdulhadi ya yi masa bayani. Mai gadin ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri, amma ba za a bar su a nan ba, ko a mayar but ko ya kira na sama da shi. Abdulhadi ya waiga ya ga Inna ta gilashin da ya yi raɓa, tana zaune ƙyam tana jan carbi. Ya duba kayan, ya duba buhunan, ruwa na shiga ta wuyan rigarsa. Sai idonsa ya faɗa kan 'yar rumfar mai gadin, inda ruwa ke gangarowa yana shiga ta ƙofa, takalmansa na alwala na yawo a kai. Ya nuna masa. Mutumin ya duba, sannan ya ce yalla, wato mu je, ya ɗauki buhu ɗaya da kansa. Suka jera su a bakin ƙofar, ruwan ya sauya hanya. Har shayi ya ce su tsaya su sha.

Gero da kanwa suka shiga inda yashi ya fito. Motar ta zauna a bayanta fiye da ɗazu. Abin da but bai ɗauka ba aka tura gefen Inna, tukunyar kuwa Nata'ala ya rungume ta a gaba.

Hanyar ta cika da ruwa da hon. A hawan gadar da ke kai su unguwa suka tarar da wata a-kori-kura babu kaya tana ta juya tayoyi a wuri ɗaya, gindinta na karkata, mutane na tura ta. Abdulhadi ya sa giya ta biyu, ya saki kulochi sannu-sannu. Fijo ta yi nishi, ta ɗan girgiza, ta kama titi, ta haura ta gefen a-kori-kurar kamar ba a yi ruwa ba. Nata'ala ya buga tukunyar da ke cinyarsa, ya ce ai ya faɗa, nauyi ne maganin, kuma ko a Ukraine ba su da kanwa mai kyan wannan.

Can sai Inna ta cire mayafi ɗaya, ta ce wa Nata'ala ya gaya wa abokinsa ya rage wutar nan, ta fi Gusau a watan bazara. Abdulhadi ya murɗa maɓallin. Ta ƙi raguwa. Haka suka isa gida suna gumi.

A sama Inna ta karɓi jaririn, ta duba hancinsa da yatsunsa, ta taɓa tagogi ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya gaban hitar ɗakin. Abdulhadi da Nata'ala suka yi ta hawa da kaya. Ya dawo yana haki, zai koma ɗauko buhun gero na ƙarshe, sai ya ji muryarta daga ɗaki tana magana da Kulu, da ƙarfin da ya isa bakin ƙofa.

"Ki gaya wa Malam ya bar wancan buhun a motar. Wanda aka hawo da shi ya ishe mu kunu har arba'in. In sanyi ya wuce ya ɗauko miki, ni na koma. Ba na so mota ta zame da yaron nan in za a kai shi rigakafi."

Kulu ta leƙo ta maimaita masa, tana danne dariya. Ya ce to, ya sauka ya rufe but ɗin, ya kulle motar.