Gumakan Vicky

Shekarar da sojoji suka koma bariki, ribar dimokuraɗiyya ta farko da ta iso Sabon Tasha ita ce mujallar yara. Ugonna mai jarida ya jera mujallun a bakin titi, kowace a cikin leda, da ɗan mutum-mutumin roba wanda bai kai ɗan yatsa ba. Mujallar dai ba mai karanta ta, ƙosai ake naɗewa da ita. Robar ake saye.

Lydia ta san haka sarai, amma duk fitowa sai ta saya wa 'yarta Vicky, don yarinyar takan yi tsalle ta rungume ta, ita kuwa tana son wannan rungumar. Vicky ta jera 'yan robar a kan talabijin, kowane da sunansa, tana share musu ƙura kamar ma'aikaciyar gwamnati mai jiran ƙarin girma.

Matsalar ita ce, Lydia na neman shugabancin Zumuntar Mata a cocinsu, kuma ranar Laraba gidanta matan suka zo addu'a. Ana tsakiyar waƙa Maman Monday, tsohuwar da ba a zaɓen kowa sai da yardarta, ta buɗe ido ɗaya. Ta ga wani ɗan roba mai ƙaho riƙe da sanda.

"Jesus! Maman Vicky, gumaka a falonki?"

Da ta so, magana ɗaya ta isa: ni na saya, wasan yara ne. Lydia ta dubi Vicky a bakin ƙofa, ta dubi matan da za su kaɗa ƙuri'a ranar Lahadi.

"Mama, ni ma ban san yadda suka shigo gidan nan ba," in ji ta.

Shi ke nan, aka samu aikin yi. Mata goma sha suka yi wa Shaiɗan taron dangi a tsakar gida, da kalanzir da ashana da tambari. Robar ta narke tana wari, Maman Monday ta ce ai warin aljanu ne ke fita, kowa ya ce amin. Vicky ba ta yi kuka ba, wannan ne ma ya fi damun uwar.

Ranar Lahadi Lydia ta ci zaɓe, har aka yabi gidanta a kan bagadi. Kunya ta hana ta jin daɗin tafin.

Da Laraba ta zagayo, matan za su dawo yi mata murna. Lydia ta fito da kular zoɓo, sai ta tarar da tsibi a tsakar gida: 'yar tsana, fensiran kala, da takalmin Kirsimeti mai fitila.

"Vicky, mene ne wannan?"

"Na tara musu wuri ɗaya ne, Mama," in ji yarinyar. "Waɗannan ma ki ce ba ki san su ba."