Mai Sauraron Kofuna

Maginiya ba ta taɓa sayar da kofi ba sai mijinta ya saurare shi. Haka suka raba aikin tun farkon aurensu. Ita ce mai laka: ta cuɗa yumɓu, ta ɗora shi kan faifan da ke juyawa, ta fitar da kofuna da farantai da butocin shayi na tangaran, ta shafa musu ruwan ƙyalli, ta gasa su a tanderun lantarki da ke ƙuryar shago. Shi kuwa mai gyaran rediyo ne, ko hannun kofi bai iya liƙawa ba. Sau ɗaya da ya gwada, abin ya fito kamar kunnen jaki, ta ajiye shi a kan taga don ta riƙa tsokanarsa.

Amma Allah ya ba shi kunne. Duk ranar da aka kwashe tanderu, da la'asar zai rufe nasa shagon ya zo ya zauna kan 'yar kujera a ɗakin kanta, inda ake jera kaya. Sai ya rataya kofi a ɗan yatsa, ya ƙwanƙwasa shi da zoben azurfarsa. Mai lafiya zai yi amo siriri, ya daɗe yana kaɗawa. Wanda ya tsage daga ciki kuwa sai ya amsa a shaƙe kamar mai mura. Irin wannan tsagar ido ba ya ganinta, don ƙyalli ya rufe ta, sai ranar da aka zuba tafasasshen ruwa sannan abin ya dare a hannun mutum. Idan ya samu irinsa sai ya ajiye shi a hagu ya ce wannan maƙaryaci ne. Ita kuma daga ɗakin aiki ta ce ya dai ji da rediyoyinsa masu tari, ya bar mata 'ya'yanta. Ba ta taɓa mayar da ko ɗaya cikin kayan sayarwa ba.

Sai ya kwanta ciwo, kwanan da bai taka kara ya karya ba, ya rasu.

Da aka watse daga zaman makoki ta koma shago, don zama haka kawai ya fi aikin gajiyar da ita. Ta yi gashin farko, ta kwashe, ta jera a kan kanta. Ta ɗauki cokali za ta ƙwanƙwasa, hannunta ya ƙi. Ta ajiye cokalin ta koma kan faifanta, ta bar ƙofar da ke tsakanin ɗakunan a buɗe. Rana ta karkata ta faɗo kan taga, tana cikin jan bakin wani kwano, sai ta ji shi daga ɗakin kanta. Amo siriri, mai daɗewa. Ya ɗauke. Can kuma wani ya biyo baya, daidai tazarar da mutum zai ajiye kofi ya ɗauki na gaba.

Ta nemi tsari, ta miƙe da hannu duk laka ta leƙa. Kujerar tana nan wayam, kofuna suna jere yadda ta bar su. Maginiya ba yarinya ba ce, ta san wanda ya tafi ya tafi, da idonta ta ga an fita da shi. Sai dai washegari da la'asar amon ya dawo, jibi ma haka. Tsoro ya riƙa raguwa, wani abu mai daɗi ya maye gurbinsa. Ta daina leƙawa, don ta lura da ta nufi ƙofar yake yin shiru. Sai ta zauna tana aiki tana saurare, wani lokaci har ta ce masa ya yi a hankali da butar da ke saman kanta, murfinta bai zauna sosai ba.

Abin da ya fi faranta mata rai, tunda ya dawo bai samu maƙaryaci ko ɗaya ba. Kowane kofi sai ya yi amo tas. Sai ta naɗe kayan a takarda ta aika wa masu su hankali kwance.

A 'yan watannin nan ne kuma ta fara ƙorafin mutanen zamani, wai kowa ya koma magana a cikin hanci. Direban da ke kawo mata buhunan yumɓu ya ce ya buga ƙofa har hannunsa ya yi zafi, ta ce ƙarya yake, lalaci ne ya hana shi bugawa da kyau. Maƙwabta suka fara cewa mutuwar miji ta sa ta girman kai, ana gaishe ta tana wucewa. Autarta, wadda ke aure a wata unguwa, ta sha cewa a je a duba kunnen nan, uwar ta yi kunnen uwar shegu da maganar.

Ranar da asiri ya tonu, Auta na shagon tana taya ta naɗe kaya. Sai ga mai gidan shayin bakin titi, tsohuwar mai cinikinsu, wadda tun kafin a haifi Auta take shan shayi da kofunansu. Hannunta na dama a naɗe da bandeji har gwiwa, na hagu riƙe da leda. Ta zazzage ledar a kan tebur, gutsattsarin butar shayi ne, kuma ga tambarin babban yatsan Maginiya a gindin. Matar ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ruwan farko da ta zuba butar ta rabe biyu, tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Ta ce ta kawo ne kawai don a sani, saboda da jikarta ce ke riƙe da ita da labarin ya sha bamban. Da ma zagi ta yi da ya fi sauƙi. Maginiya ta rasa inda za ta sa fuskarta don kunya.

Bayan matar ta fita, Auta ta shiga ɗakin kanta, ta fito da wani kofi a rataye a yatsa. Ta tsaya gaban uwar ta ƙwanƙwasa shi da cokali.

"Umma, wannan fa?"

Maginiya ta karkata kai. Ta ji amon nan siriri, mai daɗewa.

"Lafiyarsa ƙalau."

Auta ta juyo da ɗaya gefen. Daga kwandon fasassu ta ɗauko shi, tsagar ta taso tun daga baki har gindi, ko makaho ya shafa zai ji ta.

Auta ta ajiye kofin da cokalin a kan tebur. Sannan ta tambaya a hankali wa yake duba kayan tunda Baba ya rasu. Uwar ta goge hannunta a zane, ta sake gogewa, duk da ba abin da ke jikinsa.

"Babanki ne yake duba min," ta ce. "Kullum da la'asar."

Auta ba ta yi gardama ba, ba ta kuma yi mata wa'azi ba. Ta dai juya baya ta share ido, ta ce gobe da safe za ta zo su je asibiti.

Likitan kunne mutum ne mai fara'a. Ya gwada ta da na'urori, ya ce jin ya yi rauni sosai a duka biyun. Ya ce idan kunne ya daina samun sauti daga waje, yakan cike gurbin da abin da ya saba ji, ba ita ce farau ba. Ya ba ta 'yar na'urar ji, ɗaya ga kowane kunne, ƙarama kamar wake, ya nuna mata yadda ake maƙala ta. Maginiya ta tambaye shi ko amon zai tafi idan ta sa. Bawan Allah ya ɗauka abin da take so ke nan, ya yi murmushi ya ce yawanci yana tafiya, ta kwantar da hankalinta.

Ta dawo ta jefa na'urar a cikin wani kwano a kan tebur, ta kife faranti a kai. Ta ce wa Auta tana sa ta ƙaiƙayi. Kwanaki suka wuce a haka, kullum da la'asar yana zuwa, ita kuma ba ta aika wa kowa kaya ba. Kanta ta cika har ta fara jera kofuna a ƙasa. Ga sabbin butocin da ta yi don ta maye wa mai gidan shayi, sun fito da kyau, shuɗi mai duhu, kuma ya saurare su duka ya ce lafiya. Ta ɗauko takarda za ta naɗe ta farko, sai bandejin nan ya tsaya mata a ido. Ta san ba za ta iya miƙa wa matar butar ba. Ta kuma san in ta ci gaba a haka, sai dai ta rufe shagon ta zauna tana sauraron kofunan da ba mai shan ruwa da su.

Ta bari sai da la'asar ta yi. Ta zauna gaban faifan ba tare da ta kunna shi ba, ta saurari mijinta tun daga kofin farko har ya gama. Sannan ta ɗaga farantin, ta maƙala na'urar a kunne ɗaya, ta maƙala a ɗayan.

Duniya ta faɗo mata a ka. Ashe fankar shagon ƙara take yi haka. Ashe famfon bayan gida yana ɗiga. Motoci, wata mata tana kiran ɗanta, tsuntsaye a kan rufi, har numfashinta ta ji. Ta shiga ɗakin kanta, ta zauna kan 'yar kujerarsa, ta rataya butar farko a yatsa ta ƙwanƙwasa. Amon ya fito, amma ba kamar nasa ba, ya fi kaifi, ya fi gajarta. Ta ɗauki ta biyu. Wannan ta amsa a shaƙe. Ta sake bugawa don ta tabbatar, sannan ta ajiye ta a hagu. Kafin ta kai ƙarshen kanta, gefen hagunta ya tara abin da ya ba ta tsoro, duk cikin waɗanda ta ji ya ce lafiyarsu ƙalau.

Washegari ta kai wa mai gidan shayi butoci masu lafiya da kanta. Da ta dawo, rana ta faɗo kan taga, sai ta cire na'urar ta ajiye, ta buɗe ƙofar tsakani, ta zauna. Ta jira har hasken ya bar tagar ya hau bango. Shiru ne kawai, irin na ɗakin da ba kowa a ciki. Jibi ma ta gwada, gata ma haka.

A haka Auta ta same ta wata la'asar, zaune da na'urar a tafin hannu. Ta karɓa ta maƙala mata, ta durƙusa a gabanta tana murna da ganin kayan da ke kan kanta sun ragu, ta tambaye ta ko yanzu tana ji da kyau.

"Ina ji, Auta," ta ce. "Komai ina ji. Babanki ne kawai ba na ji."