Bangon Malamar Turanci

Ranar da aka dawo hutu, Malamar Turanci ta shiga ajinta ta tarar da bango fari fat. Jadawalin lokutan aikatau na Turanci, guda goma sha biyu, wanda ta zana da hannunta shekara tara da suka wuce, tana kan tsani har bayanta ya riƙe, an bi shi da fenti. Ja na abin da ya wuce, kore na yanzu, shuɗi na mai zuwa, duk babu. Ga jarrabawar fita saura wata ɗaya.

Ko jaka ba ta ajiye ba ta nufi ofishin shugaban makaranta, ranta in ya yi dubu ya ɓaci. Sallamar ma a ciki-ciki ta yi ta.

"Ranka ya daɗe, wa ya taɓa min bango?"

"Masu duba makarantu za su zo, Malama. Na ce wa mai fenti ya bi ko'ina."

"Ko'ina? Da a tsaye ya same ni sai ya haɗa da ni ke nan? Da bangon nan yarana suke koyo!"

Shugaban mutum ne mai sanyin magana, irin sanyin da ke ƙara tunzura mai fushi. Ya ce, "In sun koya, ai yana cikin kansu. Mu je ki gwada su. In sun amsa, bango ya yi aiki, ki mayar da abinki."

Ta wuce gaba fuu, yana biye da ita. Tana shiga ta buga tebur.

"Wa zai ba ni jimla ɗaya a past perfect?"

Kawuna arba'in suka juya lokaci guda wajen farin bangon. Ta nuna ɗalibar da take ji da ita, wadda ke zuwa ta ɗaya.

"Malama, yana can kusa da taga, layi na uku, da jan fenti."

"Jimla na ce ki ba ni, ba kwatancen gida ba!"

Ɗalibar ta sunkuyar da kai. Shugaba ya juya ya fita abinsa, kuma wallahi da zagi ya yi da ya fi mata sauƙi. Shekara tara tana bugun ƙirji a ɗakin malamai, ashe inda amsa take zaune ta koya musu. Haushin da ta ɗebo don shugaba ya rasa wurin sauka sai kanta.

Sai ta lura wasu a layin gaba suna ƙanƙance ido. Ta matsa kusa, ashe shafa ɗaya aka yi, jan rubutun yana leƙowa ta ƙarƙashin farin. Ta leƙa ta taga, ta hango mai fenti yana wanke burushi a bakin famfo.

"Malam mai fenti! Dawo ka ƙara shafawa. Aikin ha'inci ka yi, har yanzu ana gani."