Sai Ka Faɗi Nata Tukuna

"Wallahi Kawu, ba zan maimaita maganarta ba! Ni aku ne?" in ji Direba, ya daki benci har garin katako ya tashi.

Mai ɗinki ta naɗe hannu. Wata biyu ke nan da wannan ƙanen mijin nata, daga rasuwar wansa, ya garƙame ɗakin ɗinkinta da kwado, wai na gidansu ne. Kekenta na ciki, yaranta huɗu na waje.

Shi kuwa Kawu kafinta, shekara arba'in duk rigimar unguwa a shagonsa ake kashe ta, da ƙa'idar da ya gada wurin kakansa: ba ka faɗin naka sai ka faɗi na abokin faɗanka, har ya ce haka ne.

'Yar yayar Mai ɗinki, lauya sabuwa fil, ta buɗe littafin doka. "Kawu, ai a nan ma an rubuta, kowa na da haƙƙin a saurare shi."

"Madalla, 'yar nan. Ashe labarinmu ya kai musu. Rufe, kada ƙura ta shiga."

Mai ɗinki ta ji kanta ya ƙara girma. Ita tuni ta faɗi na Direba tsaf, har da tsoronsa kada ta yi aure wani ƙato ya gaje ɗakin. Da bakinsa ya ce haka ne.

"To, ta ce tana son ɗaki," Direba ya faɗa a daƙile.

"Ba haka ba ne," in ji Mai ɗinki.

"Ta ce... ita ta sa rufin kwano."

"Da saura."

Gumi ya karyo masa. Maƙwabta sun cika taga, har da masu cewa wai kujera suka zo dubawa.

"Ta ce shekara uku tana jinyar Yaya a ɗakin nan, ƙafa na kan keke, kunne na wurin tarinsa. Ta ce ni kuwa sau biyu na leƙo."

"Haka ne," in ji ta.

"To bismilla, faɗi naka," in ji Kawu.

Direba ya dubi mutanen da ke taga. Ya zaro makulli ya wurga mata a cinya.

"Wannan ba shari'a ba ce, tarko ne!"

Ya fice, ya bugo ƙofa garam.