Ranar da Tari Ya Yi Ƙaura

Rana ba ta gama fitowa ba aka ga amalanken shanu suna barin Tudun Maraya a jere, ɗauke da duk wani tari da ke garin. Akwai busasshe, akwai mai majina, akwai na tsoho Samba wanda in ya fara sai kaji sun watse. A bayansu mata ne bisa jakuna, goye da yaran da zazzaɓin damina ya tsotse. Mai gari Na'Allah yana tsaye a bakin hanya cikin babbar riga, yana gargaɗin kowa cewa in an isa Zangon Intalla a ce ziyara aka zo, kuma ko wa ya tambaya kada a ambaci Tudun Maraya.

Dalilin wannan ƙaura kuwa shi ne, gwamnati za ta gina ƙaramin asibiti guda a wannan yanki na Dakoro, ko a Tudun Maraya ko a Zangon Intalla. An ce wannan karon babu sanayya, masu bincike za su zo su auna mutane, abin da suka gano shi zai yanke hukunci. Na'Allah ya juya maganar a ransa ya ga ai a fili take. Shi dai tun da yake zuwa kasuwar Dakoro bai taɓa ganin an yaba ramammen sa ba. Wa zai ɗauki sabon gini ya ba garin da ya kasa kula da kansa? Ga kuma baƙi, baƙin ma na gwamnati, a ce sun tarar da mutanensa a kwance rashe-rashe. Ai gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Wadda ta ƙi hawa amalanke sai da aka kai ruwa rana ita ce matar Na'Allah mai suna Mata, ƙanwar Intalla mai Zango. Tun kafin damina take tari, ta rame har awarwaronta na zamewa. Sau ɗaya aka kai ta Dakoro, yashin hanya ya dawo da ita a galabaice fiye da yadda ta tafi. Saboda ita Na'Allah yake son asibitin nan kamar ransa, ko da yake da ya faɗi haka gara a tuɓe masa rawani.

"Malam," in ji ta, "ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"Wanga ba wanka ba ne, kallo ne. Hau mu gani."

Ta hau, tana cewa Allah ya sa mai wayo ya ci da wayonsa.

Kafin hantsi gari ya zama tas. An share ko'ina, an kwance gidajen sauro daga jikin harawar da aka lulluɓe da su an kakkaɓe an rataya a ɗakuna. Motar bincike ta iso da wata mata mai suna Madam Zuhura daga Maraɗi, da abokan aikinta, da sikeli, da ɗan zaren auna damtsen yara. Suka shiga gida-gida. Duk yaron da aka ɗora a sikeli sai ya cika shi, duk tsohon da aka tambaya sai ya ce rabonsa da ciwo tun yana saurayi. Madam Zuhura ba sakarya ba ce, ta tambayi dalilin da ya sa wasu ɗakuna ke rufe. Na'Allah ya ce masu su sun tafi ziyara, kuma bai yi ƙarya ba.

Abin da bai lissafa ba shi ne, auna mai lafiya ba ya cin lokaci. Kafin azahar sun gama. Madam Zuhura ta ce tun da rana na nan, bari su wuce Zango yau maimakon gobe.

Na'Allah ya shiga neman hanyar tsare su. Ya ce hanyar yashi ce, direba ya ce ya san ta. Ya ce ba a barin shayi a kofi na biyu, suka sha na uku a tsaye. Ya sa a kamo rago, suka ce Allah ya amfana. Yana ji yana gani mota ta bi sawun amalankensa.

Mata ce ta ba shi labari bayan sun dawo. Masu bincike sun tarar da su zube a ƙarƙashin aduwa a ƙofar gidan Intalla, tari na amsa tari. Madam Zuhura ta tsaya riƙe da baki, sannan ta tambayi Intalla ko duk waɗannan mutanensa ne. Shi kuwa Intalla, wanda a gidansu ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi, balle a nuna shi a ce bare ne, ya gyara rawani ya ce duk wanda ya sha ruwan gidansa nasa ne. Aka tambayi majinyata ɗaya bayan ɗaya daga ina suke, kowa ya riƙe amanar mai garinsa. Har magariba ana awo.

Na'Allah ya ji wannan ya ɗan sami sanyi. Ya ce to, Zango ta kunyata, asibiti ya zama nasu. Mata ta dube shi kawai ta juya ta fuskanci bango.

Bayan watanni aka kira taro a Dakoro. Aka bayyana cewa bincike ya nuna Zangon Intalla na fama da cuta fiye da kowane gari a yankin, don haka can za a yi gini. Tudun Maraya kuwa, aka ce, gari ne abin koyi. Aka sa Na'Allah ya miƙe, aka tafa masa. Abin haushin shi ne tafin ya yi masa daɗi, sai da ya zauna ɗacin ya taso masa. A bakin ƙofa Intalla ya kama hannunsa ya yi ta godiya, washegari kuma ya aiko masa da cuku, wai tukuicin baƙi.

Ginin Zango ya kai tagogi lokacin da motar ta sake tsayawa a Tudun Maraya. Madam Zuhura ce. Ta ce manya sun ga sakamakon sun yi mamaki, sun turo ta ta gano sirrin garin, abin da suke ci da abin da suke sha, don a koya wa sauran garuruwa. Na'Allah ya shimfiɗa mata tabarma a zaure, ya fara bayani a kan fura da tashin asuba. Yana cikin zuba sai tari ya ɓarke a bayan zana, mai tsawo, irin wanda ke sa mai saurare ya dafe nasa ƙirjin.

Ta tambayi wane ne. Ya ce wata baƙuwa ce daga Zango.

"I, baƙuwa ce, ɗiyata," in ji murya daga ciki. "Tun yana da haƙoransa duka nike baƙunta a gidan ga. Shigo."

Madam Zuhura ta shiga, ta tsaya tana kallon fuskar da ta auna a gindin aduwa. Da ta fito ba ta yi faɗa ba, kuma Na'Allah ya so a ce ta yi. Ta tambayi mutum nawa aka kai Zango ran nan, ya ce duk wanda ke tari ko ɗingishi. Ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa, bai san ko dariya take yi ba ko mene ne.

"Baba, abin da aka nuna mini shi na rubuta," ta ce. "Zan gyara, zan kuma faɗa wa manya. Amma bango ba ya tashi ya bi gyara." Ta ƙara da cewa tarin Inna ba na jiran gini ba ne, ko na nan ko na can. Yau za a kai ta Dakoro a gwada, ga mota.

Suka shiga baya, shi da Mata, yana riƙe da butarta a cinya. Hanya ta bi ta Zango. Intalla yana tsaye wajen magina, da ya hango rawanin surukinsa ya tare motar, ya leƙo ta taga da murmushin wanda ya tanadi tsokana tun safe.

"A'a, mai garin abin koyi. Ina gajiya? Ina iyali?"

Amsar tana bakin Na'Allah, "lahiya lau" ɗin da yake bayarwa tun da ya iya magana. Ya dubi hannun Mata a kan gwiwarsa.

"Ba lahiya, Intalla," ya ce. "Ƙanwarka ba lahiya."

Intalla ya haɗiye abin da ya tanada. Ya buɗe ƙofa ya ce su matsa masa.