Shanya a Ƙofar Shagunan Alhaji Maccido

A Wurno ba a hawa soro sai an yi magana. Mai yaɓe in zai hau, sai ya ɗaga murya: "Maƙwabta, za a hau bisa!" Mata su ja gyale, sannan ya taka tsani. Haka muka taso muka gani.

Alhaji Maccido ya san wannan sarai, amma da ya sayi kangon da ke jikin katangarmu sai mantuwa ta kama shi. Ya ɗauko mai zane daga Sakkwato, aka dasa bene, shaguna shida a ƙasa, ɗakunan haya a sama. Mu ba mu ƙi shago ba, wa zai ƙi sayen sabulu a ƙofar gida? Abin da ya ƙona mana rai tagogi huɗu ne na baya, da suka wage baki daidai tsakar gidanmu.

A tsakar gidan nan muke turara shinkafa, ni da surukata Inna Adawiyya, da wannan sana'ar muke ci. Aikin wuta ne, da ɗaurin ƙirji ake yin sa. Ran da 'yan haya suka tare, na ɗaga kai daga tukunya na ga wani ƙato yana asuwaki yana kallonmu hankalinsa kwance. Kwana uku muka yi aiki cikin hijabi. A na huɗu jiri ya kwashe ni, saura ƙiris in faɗa ruwan zafi.

Inna ta aika wa Alhaji. Ya aiko cewa aikin gama ya gama, mu sa labule. Labule! A sararin Allah za mu rataya shi?

Washegari da asuba Inna ta tashe ni. "Mairo, kwaso tabarmi. Tunda tsakar gidana ta koma hanya, hanya ta koma tsakar gidana."

Muka baza shinkafa tun daga shagon farko har na ƙarshe, har bakin dokin ƙofa. Inna ta zauna da sandar korar awaki. Tela ya zo da makullinsa, ya tsaya. Mai kemis ya zo, ya tsaya. Babu ɗan halak da zai taka abinci, ita kuwa ta san haka.

Da hantsi Alhaji ya iso yana haki, jama'a sun taru.

"Inna, mi yak kawo wagga shanya ƙohwar shagunana?"

"Shanya nika yi, Maccido. Ga hanya nan, taka ka wuce."

Ya ɗaga ƙafa, wallahi na gani da idona, ya mayar da ita inda take.

"Inna, takarda gare ni. Hukuma ta sa hannu."

"To kirawo hukumar ta zaka ta taka. Ubanka ko tsiron ciyawa za shi cirewa bisa soro, sai ya ce a gahwarta. Kai ka aza min maza bisa kai, ba ka ce komi ba."

Kwana biyu shagunan suna rufe. Rana ta gasa mu, kaji suka sha sanda, amma ban taɓa jin daɗin shanya irin wannan ba. A na uku amalanke ta kawo bulo da siminti don a toshe tagogin. Lauwali magini ya jingina tsani, ya buɗe baki zai yi kira.

"Ba kai za ka hwaɗi ba," in ji Inna.

Ta nuna Alhaji da sandarta. Alhaji ya dubi jama'a, ya dubi shinkafa, ya gyara hula.

"Inna, a gahwarta. Za a hau bisa."

Ba ta ko dube shi ba. "Mairo, ja gyalenki," ta ce. "A hau."

Sannan ta duƙa ta fara tattara shinkafarta.